Tambaya shida da suka gagare mu a Damagaram

Abin ya faro ne daga ƙanwata, wadda ke shirin rubuta memwar ɗinta na mastar a fannin nazarin zaman jama'a. Malaminta ya ba ta wata takardar bincike ya ce ta duba ko za a iya gwada ma'aunin da ke ciki a nan Zinder, ita kuma da yake ta san na yi shekaru ina aikin anket, ina yawo ƙauye-ƙauye da kesiyone a hannu tun kafin a koma tablet, sai ta same ni bayan la'asar ta ce Yaya dan Allah ka taya ni mu juya tambayoyin nan zuwa Hausa, guda shida ne kacal. Na ce shida? miƙo bik, kafin a kira magariba mun gama. Sati uku muka kwashe a kansu kuma har yanzu ba zan rantse cewa mun gama ba.

Bari in fara da abinda takardar ta ƙunsa dan wanda bai sani ba ya gane inda muka dosa. A 2011 wata farfesa 'yar Amurka, Michele Gelfand, lokacin tana jami'ar Maryland, ita da tarin abokan aikinta suka fitar da bincike a mujallar Science. Sun tambayi mutum 6,823 a ƙasashe 33, abu guda suke son aunawa: a ina ne ƙa'idojin zaman jama'a suka ɗaure mutum tamau, kowa ya san abinda ake so ya yi kuma in ya kauce ya gani a ƙwaryar cin tuwonsa, a ina ne kuma aka sakar wa mutum mara. Tunanin ba ita ta fara shi ba, tun 1968 wani masanin al'adu Pertti Pelto ya jera ƙananan al'ummu 21 daga masu tsauri zuwa masu sassauci. Ita dai ta maida abin lamba, kowace ƙasa da makinta. Pakistan ce a sama da 12.3, sai Maleshiya 11.8, Indiya 11.0, Singafo 10.4, Koriya ta Kudu 10.0. Can ƙasa akwai Yukren da 1.6, Istoniya 2.6, Hangari 2.9, Isra'ila 3.1. Faransa na tsakiya da 6.3, Amurka 5.1. Afirka kuwa ko ƙasa ɗaya babu a cikin 33 ɗin, shi ya sa ma malamin ƙanwata ya ga akwai wurin da za a shiga.

Bayanin da suka bayar shi ne al'ummar da ta sha wuya a tarihinta, yunwa, annoba, yaƙi da maƙwabta, cunkoson jama'a, ƙarancin ruwa da ƙasar noma, ita ce ke ɗaure 'ya'yanta dan sai da haɗin kai ake tsira. In haka ne to ai mu ba sai an auna ba, fari na 1973 da 1984 da matsalar cimaka ta 2005 da sanƙarau da ƙishirwar da garin nan ya saba da ita, duk mun cika sharaɗi. Ƙanwata ta riga ta rubuta a kayenta cewa Zinder za ta fito kusa da Pakistan. Ni ma haka na zata.

Tambayoyin shida ba tambayoyi ba ne sosai, jimloli ne ake karanta maka ka faɗi iya yardarka daga 1 zuwa 6, babu tsakiya, dole ka karkata. Ma'anarsu a taƙaice: a ƙasar nan akwai ƙa'idoji da yawa da ake so mutum ya bi, an san sarai yadda ya kamata mutum ya yi a yawancin wurare, mutane bakinsu ɗaya a kan abinda ya dace da wanda bai dace ba, mutane na da 'yanci sosai su yi yadda suka ga dama (wannan ita kaɗai ce aka juya ta baibai), in mutum ya yi abinda bai dace ba jama'a za su nuna masa ƙin abin ƙwarai, mutane kusan kullum suna bin ƙa'idojin.

A kalma ta farko muka maƙale, wato "norm", wadda na juya da ƙa'ida a sama. Abinda Bature ya tara a kalma ɗaya mu a Hausa ya watse gida biyar ko shida, akwai doka, akwai al'ada, akwai ƙa'ida, akwai shari'a, akwai ladabi da tarbiyya, akwai kuma kunya wadda ita ce uwarsu duka amma ba za ka iya sa ta cikin jimlar ba tare da jimlar ta koma wani abu daban ba. In ka ce doka mutum jandarma yake gani da ɗan sanda da mai karɓar haraji a kasuwa. In ka ce al'ada sai ya tuno lefe da suna da hawan sallah, wani ustazun ma ya ɗaure fuska dan a kunnensa al'ada kishiyar sunna ce. In ka ce ƙa'ida kamar kana maganar lakwal ko asibiti. Muka yi ta ja, ƙanwata na son al'ada ni ina son "abinda jama'a suka saba kuma suke sa ran kowa ya yi", ta ce Yaya wannan ai ba kalma ba ce wa'azi ne. Daga ƙarshe muka ce to mu fita da kala biyu, ɗaya da doka ɗaya da al'ada, mu ga abinda zai faru. Wannan shawarar ita ce mafi amfani a duk abinda muka yi, kuma ba wayo ba ne ya kawo ta, gajiya ce.

Kalma ta biyu ita ce ƙasa. "A ƙasar nan." Wace? Nijar, ko ƙasar Damagaram, ko ƙasar Hausa da ta tsallake iyaka har Daura da Kano? Dattijon Birni in ya ce ƙasar nan ba Yamai yake nufi ba, garin da aka ɗauke wa babban birni a 1926 bai cika ɗaukar Yamai a matsayin ma'auni ba.

Ba bincike muka yi ba fa, kar wani ya ɗauka muna da alƙaluma, gwaji ne irin wanda duk mai anket ke yi kafin ya buga takarda da yawa, ka karanta wa mutum ka saurari amsarsa sannan ka ce masa me ka fahimta da na faɗi haka. Ni na ɗauki zaure da fada da kasuwa, ita ta ɗauki cikin gida inda ni ba zan shiga ba.

Na fara da wani dattijo a Birni, abokin mahaifinmu ne, tsohon ma'aikaci. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan na karanta masa jimla ta shida, cewa mutane kusan kullum suna bin ƙa'ida. Ya ce ɗana sa min mafi ƙanƙanta, in akwai sifili ma sa shi. Wai yanzu kowa gaban kansa yake yi, yaro ba ya jin maganar uba, zamanin Kunce ma'aikaci ya isa ya makara? ya isa ya taɓa dalar gwamnati? Yana cikin wannan faɗan sai ga wani saurayi a kan moto ya shigo lungun, da ya hango shi tun daga nesa ya kashe inji ya sauko ya turo moton da hannu, ya rage tsawo ya ce Baba ina wuni, bai sake tada inji ba sai da ya wuce kwana. Baba ko kallon abin bai yi a matsayin wani abu ba, ya amsa gaisuwa ya ci gaba da ce min duniya ta lalace. Ni kuma ina riƙe da bik ina tunanin to me zan rubuta, abinda bakinsa ya faɗa ko abinda idona ya gani. Shi ba da Faransa yake gwada Zinder ba, da Zinder ta mulkin Kunce, tsakanin 1974 da 1987, yake gwada ta, wadda ma rabinta a cikin kansa take.

Da dare na je wata fada a Garin Malam inda nake da sanayya, ana dafa shayi, na karanta musu jimla ta biyar, wadda ke cewa in ka yi abinda bai dace ba jama'a za su nuna maka. Kafin in rufe baki suka ce shida, wani ya ce babban yaya sa goma, garin nan ko tari ka yi a Sabon Gari kafin ka iso gida an kai wa tsohonka labari, aski ma in ka yi wanda bai musu ba sai an ce ɗan gidan wane ya shiga palais, wato gungun samari 'yan daba. Sai na ɗauko ɗaya takardar mai kalmar doka na ce to mutane suna bin doka? Dariya har da mai zubar da shayi. Wanda ya fi kowa kukan an takura masa ɗan kabu-kabu ne, ba hular kwano, takardun moton ma ya ce suna "hanya", kuma ya ɗauki mutum uku da buhu bai ga laifin kansa ba, fasinjan ma ba su gani ba. Mutum ɗaya, dare ɗaya, butar shayi ɗaya, ya ba ni 6 ya ba ni 1, kuma duka biyun gaskiya ya faɗa.

A kasuwar Dole na samu wasu 'yan kasuwa biyu masu shago jikin juna. Ɗaya ya yi shekaru yana zuwa Kwatano sarin kaya, ya ce Alhaji ai nan gidan kaso ne, can ba ruwan kowa da kowa. Ɗayan ya zauna Makka, ya ce nan? nan ai sake ne, lokacin da yake can ana kiran sallah ake rufe shago ko kana so ko ba ka so. Suka kama musu tsakaninsu na bar su a kai. Masana sun san wannan ciwon, tun 2002 Steven Heine da abokansa suka nuna cewa in ka ce wa mutum ya auna kansa ko jama'arsa daga 1 zuwa kaza, da waɗanda ya sani yake gwadawa, dan haka lambar ƙasa kaza da ta ƙasa kaza ba lallai mudu ɗaya aka auna su da shi ba. Tiya ce kowa da tasa, sunan dai ɗaya.

Abinda ƙanwata ta dawo da shi daga cikin gidaje ya fi nawa ɗaure kai. Akwai wata matar aure da ta ce "haka ne" ga jimla ta ɗaya, haka ne ga ta biyu, ta uku haka ne, aka zo ta huɗu wadda ke cewa kowa na da 'yancin yin yadda ya so ta ce wallahi haka ne, aka koma ta biyar mai cewa ba a ƙyale kowa ta ce ƙwarai kuwa. Ba rashin fahimta ba ne, matar ta yi lakwal har kwaleji. Baƙuwa ce ta shigo mata da takarda ta karanta magana, ita kuma ba a yi mata tarbiyyar ƙaryata baƙo a ɗakinta ba, balle uwar mijinta na zaune a tsakar gida tana tsinke zogale kunnenta na wajen. Da tsohuwar ta tashi alwala sai matar ta rage murya ta ce ƙanwata, ke ma kin sani ai, mu da ko gidanmu sai an ba mu izini. A nan ne lissafin ya fara ba ni tsoro, dan biyar cikin jimla shida an gina su ne yadda "eh" ke nufin tsauri, ɗaya tak ce aka juya. To duk inda mutane ke da ladabin cewa to, makin tsauri zai hau ko da kuwa ba abinda suke nufi ke nan ba. Su Gelfand sun san da haka, shi ya sa suka gyara lambobin, suka duba yadda kowane mutum ke amsa duk tambayoyin takardar gaba ɗaya suka cire wannan karkatar tasa kafin su haɗa makin ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma ni abinda ya tsaya min shi ne a wajenmu cewa "to" ɗin ita kanta tana cikin abinda ake son aunawa, matar nan ta ce haka ne saboda an ɗaure ta, in ka goge "haka ne" ɗinta a matsayin datti ka goge shaidar da ka zo nema.

Sai muka koma kashi na biyu na binciken, wanda mutane ba su cika magana a kai ba alhali ni a ganina ya fi na farkon ƙwari. An jera ɗabi'u 12, irin su cin abinci, dariya, gardama, zagi, kuka, waƙa, ciniki, sumba, karanta jarida, aka jera wurare 15, irin su banki, wajen likita, jana'iza, aji, bas, gidan abinci, ɗakin kwana, gefen titi, sai a tambaye ka ya dace a yi kaza a wuri kaza? Gida 180 ke nan. Wannan ya fi sauƙin juyawa nesa ba kusa ba, dan dariya a wajen jana'iza dariya ce a ko'ina, ba sai ka nemo kalmar da za ta ɗauki doka da al'ada a lokaci guda ba. Wasu wuraren dai dole muka sauya, asansar ta hawa bene mutum nawa ne a garin nan suka taɓa shiga, muka sa zaure da bakin pampo da gidan biki. Sumba kuwa ƙanwata ta ce Yaya ni ba zan iya karanta wa Hajiya wannan ba, ni ma ban iya karanta wa Baba ba, muka tsallake, kuma tsallakewar tamu ma ai amsa ce da babu gidan da za a rubuta ta.

To amma ko a nan ɗin, kusan duk wanda muka tambaya sai ya maido mana da tambaya. Ya dace a ci abinci a gefen titi? Sai ya ce wa zai ci, yaro ko magidanci? da azumi ko ba azumi? Ya dace a yi dariya a zaure? Sai ya ce surukina na nan ko ba ya nan? Zagi fa? Wani Babarbare mai sayar da kanwa ya ce in Bafulatani ne a gabana ai zagin ma lada ne, ya ƙyalƙyale da dariya. Wasan da ke tsakanin ƙabilu da tobasai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, ƙa'ida ce mai ƙarfi wadda aikinta shi ne ta halatta maka abinda ga wani zai kai ku gaban sarki, kuma wanda aka yi wa ba shi da ikon fushi. To wannan tsauri za a kira shi ko sassauci? Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan miji, saurayi ba ya cin abinci gaban surukai, duk waɗannan ba wuri ne ke ɗaure su ba, mutum ne. Teburin nasu na da ɗabi'a da wuri, namu sai an ƙara layi na uku, a gaban wa. Kuma lokaci, wanda a wasu ƙasashen shi ne babban abin tsauri, a nan an ce ɗaurin aure ƙarfe 8 ka zo 8 daidai ka tarar ana shimfiɗa tabarmi, ba mai jin an yi masa laifi. Layi a wajen biyan kuɗin wuta ma kar a tada zancen.

Akwai abu ɗaya da ya faru a gaban idonmu wanda na ce wa ƙanwata in ba ta sa shi a memwar ba ta yi asara. A 2021 Gelfand da abokan aikinta suka sake fitar da wani bincike a mujallar Lancet Planetary Health, ƙasashe 57, suka ce zuwa Oktoban 2020 ƙasashe masu sassauci sun fi masu tsauri yawan kamuwa da korona kusan ninki 5, mace-mace kuma fiye da ninki 8, dalili wai masu tsauri sun fi bin umarni. To mu tuna Maris na 2020 a nan. Gwamnati ta hana sallar jam'i, a Mirya nan kusa da mu matasa suka fito aka yi ƙone-ƙone, a unguwanni da dama mutane suka ci gaba da jam'insu a ɓoye ko a fili har aka buɗe masallatai a watan Mayu. Wanda ya tsaya daga nesa zai ce ga al'umma mai sake, ba ta bin doka. Wanda ke ciki ya san akasin haka ne, ƙa'idar jam'i ce ta yi ƙarfin da dokar gwamnati ta kasa tanƙwara ta, mutum ya fi tsoron a ce ɗan wane ya guje wa sahu da ya ji tsoron komisariya. Jimlar nan ta shida da ke cewa mutane na bin ƙa'ida ba ta tambayi ƙa'idar wa ba. A Singafo wataƙila ba sai an tambaya ba dan ta gwamnati da ta jama'a sun kusa zama abu guda, a nan kuwa hanya biyu ce, wani lokaci su haɗu wani lokaci su yi karo. Masu bincike na LASDEL, cibiyar nazarin zaman jama'a da ke Yamai, musamman Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna rubutu kan wannan giɓin, tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da wadda ake aiki da ita a zahiri a asibiti da ofis, kuma ita ta zahirin ba hargitsi ba ce, tana da nata tsarin da kowa ya sani, sabon ma'aikaci da ya ƙi bin ta shi ne zai sha tsangwama.

Sai maganar ƙasa a matsayin abin aunawa. In ka raba 6,823 gida 33 kusan mutum 200 ke nan kowace ƙasa, a wurare da dama kuma daga birni ɗaya ko biyu. Mutum 200 su tsaya wa Indiya. In aka zo Nijar na san yadda za a yi dan na sha gani, za a sauka Yamai a raba wa ɗalibai da ma'aikata takarda da Faransanci a ce ga makin Nijar, alhali jihar Zinder ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da miliyan 3 da rabi. Buzun Agadas da namiji ne ke rufe fuska, Bodaɗon da ke rawar gerewol, Bazabarmen Dosso, Bahaushen Matamaye, a zuba su tukunya ɗaya a fito da lamba ɗaya? A ɗaya gefen kuma mutumin Magarya ya fi kama da na Daura da Kano fiye da yadda yake kama da na Tilaberi, yare ɗaya, kunya ɗaya, lefe ɗaya, sai dai can akwai Hisba ta gwamnati nan babu, nan idon unguwa ne ke aikin. Su kansu masu ma'aunin sun gane haka, a 2014 Harrington da Gelfand suka auna jihohin Amurka 50 ɗaya-ɗaya, Misisipi ta fito mafi tsauri Kalifoniya mafi sassauci, a 2019 kuma wasu suka yi wa lardunan Sin 31, abin mamaki a can lardunan da suka fi birane da arziki su suka fi tsauri, wanda ya saɓa wa abinda mutum zai zata.

Wata mai bincike 'yar Turkiyya, Irem Uz, ta bi wata hanya daban a 2015, ƙasashe 68. Ita ba ta tambayi kowa ko ƙasarsa na da tsauri ba, ta ɗauki amsoshin da mutane suka riga suka bayar a babban binciken ra'ayoyin duniya ta duba ina ne amsoshi suka taru wuri guda ina ne suka watse, inda baki ya zo ɗaya ta ce nan ne tsauri. Jerinta da na Gelfand ba su dace sosai ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara, abu biyu masu suna ɗaya suna ba da amsa biyu. A nan in ka bi hanyarta ka tambayi muhimmancin addini kowa amsa ɗaya zai ba ka, ka ce to an gama, tsauri. Amma baki ɗaya a gaban mai anket daban, abinda ake yi wa wanda ya kauce daban. Mun san gidajen giya a garin nan, mun san su wa ke zuwa, an san su, ana gaisawa da su a masallaci, muddin ba su yi a bainar jama'a ba sai a rufa musu asiri. Rufin asiri, ga wata kalmar da ban ga gidanta a tambayoyi shidan ba.

Ban ce a jefar da ma'aunin ba fa, ƙanwata ce da ta fusata ta ce Yaya ashe duk shirme ne, na ce a'a ke ma kin yi sauri. Duk wanda ya taɓa fita ya san akwai bambanci na gaske tsakanin garin da za ka yi abinda ka ga dama da garin da ido ke binka, kuma makin nasu ya tafi tare da abubuwan da ba ra'ayi ba ne, irin tsananin hukunci da ƙarancin 'yancin jarida, ba a iska suka gina shi ba. Binciken da Kimmo Eriksson ya jagoranta a 2021 a ƙasashe 57, wanda ya haɗa da wasu na Afirka, ya ma matso kusa da mu, dan ya tambayi me ya dace a yi wa mai laifi, a tare shi da faɗa, a ƙaurace masa, a yi gulmarsa, ko a ƙyale shi. Wannan tambaya ce da Hajiyar kowane gida za ta amsa maka ba tare da ta ce me kake nufi ba. Abinda na ƙi yarda da shi shi ne a ɗauki jimla shida da aka yi tunaninsu da Turanci, a juya su Faransanci, mai anket ya juya su Hausa a tsaye a bakin ƙofa kowa da irin juyinsa (na yi wannan aikin, na san yadda muke yi in rana ta yi zafi), sannan a fito da lamba har da ɗigo a jera ta kusa da ta Norwe a ce ga wanda ya fi.

Dabarar da muka ɗauka daga ƙarshe ta wani masanin siyasa Gary King ce da abokansa, 2004. Su sun tarar 'yan Sin na cewa suna da ta cewa a harkar mulki fiye da yadda 'yan Meziko ke faɗa game da kansu, abinda hankali bai ɗauka ba, sai suka ba kowa gajerun labarai iri ɗaya na wasu mutane ya auna su tukuna, da aka gyara amsar kowa da mudun da ya auna labaran sai jerin ya juye. Mu ma muka ƙirƙiri namu labaran: budurwa ta fita kasuwa ba lulluɓi, magidanci ya sha ruwa a titi da rana cikin azumi, ɗan kabu-kabu ya ƙi tsayawa da ɗan sanda ya busa masa, ma'aikaci ya ƙi yi wa ɗan uwansa alfarma a ofis. Kowane labari sai mu ce me zai same shi, wa zai yi masa magana, za a kai ga iyayensa, za a hana shi aure? Nan take bakin mutane ya buɗe, matar nan mai "haka ne" da ƙanwata ta koma wajenta sai da ta yi rabin awa tana bayani a kan labarin farko kaɗai. Na huɗun ne ya fi ba ni dariya, kusan kowa ya ce wanda ya bi dokar ofis ya hana ɗan uwansa shi ne zai sha zagi a dangi har jikokinsa.

Malamin nata ya karanta abinda muka tara ya ce ta cire kalmar Nijar daga kan memwar ɗin, ta ma cire Zinder in za ta iya ta sa sunan unguwanni biyu kawai, ta kuma ajiye jimla shidan a matsayin abin da ake bincika ba abin da ake bincike da shi ba. Ta ji haushi kwana biyu dan ta so a ce ita ce ta fara samo makin ƙasarmu. Yanzu rigimar da muke ciki ta tebur ce, in aka ƙara layin "a gaban wa" ko mutum biyar kawai aka sa, uba, suruki, aboki, abokin wasa, baƙo, gida 180 ya koma 900, ba mai zama ya amsa maka wannan ko shayi nawa ka dafa masa. Ita tana so a rage wurare ni ina so a rage ɗabi'u. Jibi kuma zan koma Birni wajen Baba, ya aiko yaro wai in zo da takardar nan, akwai lambar da yake so a canja masa.